Shawara: An Sa Mini Batir a Zuciya, Kowa a Gida Ya Zama Likita

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 61, ina zaune a Aboabo a nan Kumasi, sana'ata kuma sayar da tuwo da wake da shinkafa. Na daɗe ina fama da jiri da kasala har wata rana na faɗi a bakin murhu, da aka auna ni sai aka ce bugun zuciyata ya yi ƙasa ƙwarai. Kusan mako biyu ke nan da aka yi mini aiki a Akra, aka sa mini na'urar nan da ake ce wa batirin zuciya a ƙirjina ta hagu. Tun da na dawo ban sami natsuwa ba. 'Ya'yana sun karɓe salulata, sun hana ni zuwa kusa da firji da talabijin, sun rataye mini hannu a wuya da gyale, wata maƙwabciya kuma ta ce idan aka yi tsawa ko aka ɗauke wuta abin yana iya tsayawa. Da dare ina jin zuciyata tana bugawa da sauri har barci ya gagare ni. Wurin ya ɗan kumbura, ƙanwata tana so ta gasa mini shi da ruwan zafi. Ban san yadda zan yi da salla da wanka ba, kuma ina tsoron kada sana'ata ta mutu. Ina neman shawara.

Wata Hajiya, Aboabo

Amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Likitan da ya yi miki aikin shi ne ya san irin na'urar da ya sa da yadda ya saita ta, saboda haka duk inda maganata ta saɓa wa takardar da aka sallame ki da ita, takardar za ki bi. Abin da na gani a wasiƙarki shi ne an tsaurara miki a inda babu haɗari, an kuma yi sakaci a inda haɗarin yake, kuma duka biyun ƙauna ce ta jawo su.

Zan fara da maganar ƙanwarki, domin a duk abin da kika lissafa ita ce za ta iya jawo ɓarna mai girma. Kada a gasa wurin, kada a shafa masa man kaɗanya ko man zafi ko wani garin magani, kada a murza shi, ƙaho da tsaga kuwa ba a ma kawo zancensu. Na san gashi ne abin da muka saba yi duk lokacin da wuri ya kumbura, amma nan akwai ƙarfe kwance a ƙarƙashin fata, siraran wayoyinsa kuma sun bi ta cikin jijiyar jini har zuwa cikin zuciya. Idan ƙwayar cuta ta sami hanya ta bakin ɗinkin ta manne wa ƙarfen, shan magani kaɗai ba ya cika kawar da ita, sau da yawa sai an ciro na'urar da wayoyinta gaba ɗaya, a yi jinya a asibiti, sannan a sake sa wata a ɗaya gefen. Ki tuna kuɗin da aka kashe da tafiyar da aka yi kafin a kai ga wannan ta farko, za ki ga cewa tsumma da ruwan zafi ba su kai a yi kasada dominsu ba.

Ɗan tudu a wurin, da canjin launin fata irin na jinin da ya kwanta, wanda wani lokaci yakan gangaro har kan mama, duk abin da aka saba gani ne, kuma yakan washe a cikin 'yan makonni. Mai siririn jiki ma takan ci gaba da ganin shatin na'urar har abada. Abin da ba a jira da shi shi ne kumburin da ke ƙaruwa kullum yana tauri, ko wurin ya yi ja ya ɗauki zafi, ko ruwa ko mugunya ya riƙa tsattsafowa, ko bakin ɗinkin ya buɗe. Zazzaɓi ma yana cikinsu, kuma a nan nake so ki ja kunnen mutanen gida sosai. A Zango da zarar jiki ya yi zafi sai a ce sauro ne, a aiki yaro kemis. A waɗannan watanni na farko, duk zazzaɓi ko rawar ɗari da ya same ki sai an kai ki asibiti, an faɗa musu kina ɗauke da na'ura, an duba wurin, ko da a ƙarshe gwaji ya nuna cewa sauron ne. Idan kuma kina shan maganin tsinka jini, kumburin ya fi saurin taruwa, amma kada ki daina shan maganin da kanki.

Sai 'yan dubiya. Kowace ta shigo za ta so ki ɗaga mayafi ta gani, wata ma ta kai yatsa ta danna ta ce ai ga shi nan kamar akwatin ashana. Ki hana cikin raha, ki ce likita ne ya hana. Ke ma kanki kada hannunki ya saba da shafa wurin ko juya na'urar a ƙarƙashin fata idan kina zaune kina tunani, domin an sha ganin waɗanda suka yi ta murza ta har wayar ta nannaɗe ta zame daga mazauninta.

Gyalen da aka rataye miki hannu da shi kuwa, a kwance shi yau, sai fa idan likitanki ne ya ce a bar shi. Wasu asibitoci sukan rataye hannun na yini ɗaya ko makamancin haka bayan aiki, amma hannun da aka daskarar mako da makonni kafaɗarsa takan sandare, kuma ciwon sandararriyar kafaɗa yana iya ɗaukar watanni masu yawa, ya fi aikin kansa wahalar da ke. Abin da ake tsoro daban ne. Bakin kowace waya an maƙala shi ne a bangon zuciya ta ciki da ɗan ƙaramin maƙali, kuma sai a hankali nama ke tsirowa ya riƙe shi, kamar dashen da ke bukatar kwanaki kafin saiwarsa ta kama ƙasa. Wannan ne ya sa ake cewa na tsawon mako huɗu zuwa shida kada gwiwar hannun hagu ta haura kafaɗa, kada a miƙa hannun can baya, kada a fizge shi, kada kuma a ɗauki abu mai nauyi da shi. Yawanci akan ce kada ya wuce kilo biyar. Don ki gane iyakar, jakar fiyawata mai ƙulli 30 kilo 15 ce, galan Kufuor, wato babbar jarkar nan rawaya, cike da ruwa kuwa ya kai kilo 20 ko fiye, jikanki mai rarrafe ma ya riga ya wuce wannan ma'auni. Saboda haka babu goyo, babu ɗora kaya a ka, babu daka, babu jan guga, babu shanya a igiya mai tsayi, idan kuma kin shiga tirotiro, wato motar haya, kada ki kama ƙarfen sama da wannan hannu. Abin da ya rage duk naki ne: ki ci abinci da hannunki, ki riƙe kofi, ki ja carbi, ki tsince shinkafa, ki riƙa juya kafaɗar a hankali sau da yawa a yini. Wajen sa riga ki fara zura hannun hagu, ɗaurin ɗankwali kuma ki bar wa 'yarki na ɗan lokaci. Idan igiyar rigar mama tana gogar ɗinkin, ki sa ɗan tsabtataccen ƙyalle mai laushi a tsakani.

Ki kuma tashi ki yi tafiya. Ki fara da tsakar gida, gobe ki kai bakin layi, ki riƙa ƙarawa gwargwadon ƙarfinki. An sa miki na'urar ne domin ki koma harkokinki, zaman ɗaka kuma ba ya ƙara mata lafiya da komai.

Game da bugun da kike ji da dare, bari in bayyana miki abin da ke faruwa a ciki, ina ganin rabin tsoron zai tafi. Zuciya tana da wutar kanta, wadda ke tashi daga wani ɗan gurbi a ɗakinta na sama na dama, ta bi wata hanya ta sauka zuwa ɗakunan ƙasa, su kuma su matsa su tura jini. Idan shekaru ko wata cuta suka raunana gurbin ko hanyar, bugun yakan sauka zuwa 40 ko ƙasa da haka a minti ɗaya, alhali na babban mutum mai lafiya yana tsakanin 60 da 100 idan yana hutawa. Jirin da faɗuwar da kika yi daga nan suka fito, domin jini bai isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata ba. Na'urar tana sauraron zuciyar ne dare da rana, idan ta buga da kanta ta ƙyale ta, idan ta makara sai ta aika mata ɗan ƙaramin saƙon wuta wanda ba a jin sa. Galibi akan saita ta kada bugun ya sauka ƙasa da 60 ko kusa da haka. Ke da jikinki ya yi watanni ko shekaru yana tafiya a kan bugu mai nawa, dole 60 ya zo miki kamar gudu, musamman da dare idan gari ya yi tsit kin kwanta a gefen hagu. Wannan jin yakan ragu da kansa. Ki riƙa kwanciya rigingine ko a gefen dama, ki tokare hannun hagu da matashi.

Maimakon ki kwana kina zato, ki koyi ƙirgawa. Ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ki dubi agogo, ki ƙirga na cikakken minti ɗaya, ki sa a rubuta miki a ɗan littafi safe da yamma. Ki tambayi asibiti adadin da aka saita taki a kai. Idan ƙirgen ya sauka ƙasa da wannan adadi a fili, ko ya haura 100 kina zaune ya ƙi sauka, ki kira su a ranar. Haka nan idan shaƙuwa ta kama ki ta ƙi tsayawa, ko kika ji naman ƙirji ko na ƙarƙashin haƙarƙari yana zillo daidai da bugun zuciya, ko hannun hagu ya kumbura, domin shaƙuwar da zillon suna iya nuna cewa saƙon wutar yana taɓa wata jijiya ta kusa, kuma sau da yawa gyaran saiti kawai yake bukata. Amma idan jirin nan na da ya dawo, ko kika suma, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya riƙe da ciwo, wannan ba na jiran safiya ba ne. A kira lambar gaggawa 112 ko a nemi mota nan take.

Yanzu ga maƙwabciyarki. Na'urar ba ta da wata alaƙa da wutar gari. Batirinta yana rufe ruf a cikin kwanson ƙarfe, ba a yi masa caji, ko an kwana bakwai ana dumso, wato ɗauke-ɗauken wuta, ba ta san an yi ba, tsawa da walƙiya a sama kuma ba sa tsayar da ita. Firji, talabijin, rediyo, fanka, dutsen guga, injin markaɗe na gida da na'urar ɗumama abinci duk ba su da matsala muddin lafiyarsu ƙalau. Wanda za ki guje wa shi ne kayan da wayarsu ta lalace suna jan mutum idan ya taɓa, kuma wannan ai gyara yake bukata ko da babu mai batir a gidan.

A mayar miki da salularki. Sharaɗinta ɗaya ne, wato ta kasance nesa da na'urar da aƙalla santimita 15, kusan tsawon tafin hannunki. Ki riƙa kara ta a kunnen dama, kuma ki bar al'adar nan tamu ta cusa waya a ƙirji tare da kuɗin ciniki, ki nemi 'yar jaka ko lalitar ɗamara. Dalilin shi ne maganaɗisu. Wasu sababbin wayoyi da na'urorin saƙalawa a kunne suna ɗauke da shi, kuma idan ya matso dab da na'urar yakan sauya yadda take aiki na ɗan lokaci, ta koma daidai da zarar an janye shi. Saboda wannan dalili kada ki jingina da manyan lasifikokin da ake girkewa a wurin biki ko Maulidi, ki ba janareto mai aiki tazarar taku biyu, kada kuma ki tsaya a jikin injin walda ko wayoyinsa ana cikin aiki. Wucewa ta gaban shagon mai walda a bakin titi ba komai ba ne. Da a ce ke ce mai waldar a Suame Magazine, unguwar makanikai ta nan Kumasi, da amsata ta fi wannan tsauri da nisa, domin masu irin wannan sana'a su ne na'urar ke iya tilasta wa sauya aiki. Idan akwai abin da ya wuce makonni shidan farko ya zama na dindindin, to wannan ne na maganaɗisu da manyan injuna, tare da katin na'urar da aka ba ki. Ki riƙe shi kamar yadda kike riƙe Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, a ɗauki hotonsa a wayoyin 'ya'yanki, ki nuna shi a filin jirgi idan Allah ya kira ki Umra, ki kuma nuna wa duk likitan da zai yi miki wani aiki ko ya tura ki hoton MRI, wanda ake ɗauka da maganaɗisu mai ƙarfi, domin wannan hoto sai an tabbatar na'urarki irin wadda ke jure shi ce, an kuma saita ta kafin a shiga.

Na san a ƙarƙashin duk tambayoyin nan akwai wadda ba ki rubuta ba, wato ko mutum yana daɗewa da wannan abu a jikinsa. Mutumin farko da aka dasa wa irinta a cikin jiki shi ne Arne Larsson, a ƙasar Suwidin a 1958. Ta farkon 'yan sa'o'i kawai ta yi ta lalace, aka yi ta sauya masa har fiye da sau ashirin a tsawon rayuwarsa, ya rasu a 2001 yana da shekara 86, bayan likitan da ya yi masa aikin da injiniyan da ya ƙera na'urar duk sun riga shi. Na yanzu kuwa batirinsu yakan yi shekaru masu yawa, sau da yawa kusan goma, kuma ba ya mutuwa farat ɗaya, ana ganin raguwarsa a wurin awo tun da sauran watanni. Na'urar ba ta ƙara wa kowa kwana a kan ajalinsa, ba ta kuma riƙe ran wanda lokacinsa ya yi. Magani ce kamar sauran magunguna, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuwa ya umarce mu da neman magani.

Salla ba ta da wuya kamar yadda kike zato. Ɗaga hannu a kabbarar harama zuwa daidai kafaɗa ba ya kai gwiwar hannu sama, don haka bai shiga cikin abin da aka hana ba. Inda za ki kula shi ne saukowa sujada da tasowa daga gare ta, kada ki ɗora nauyin jikinki a kan hannun hagu. Idan sunkuyawa tana ja miki ɗinkin ko tana sa ki jiri, ki zauna a kujera, domin hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari a fili yake: a yi salla a tsaye, idan ba a iya ba a zaune, idan ba a iya ba a kwance a gefe. Wajen shafar kai a alwala ki sunkuyar da kan ki yi da hannun dama. Wanka kuwa ya danganta da ɗinkin. Muddin asibiti ba su ce ya haɗe ba, ki wanke sauran jiki ki bar wurin a bushe, hukuncin shafa a kan bandeji kuma malamin unguwarku zai warware miki shi cikin minti biyu. Bayan an ba ki izini, ki bar ruwa ya bi ta kai kawai, kada soso ya taɓa wurin, ki tsane shi da tawul mai tsabta ba tare da gogawa ba. Da yake garinmu akwai gumi, idan filastar ta jiƙe ko ta ɗago, a je a sauya ta a asibiti ko wurin ma'aikaciyar jinya.

Sana'arki ba za ta mutu ba, amma tuƙin tuwo da sauke tukunya sun haramta gare ki har sai likita ya sake ki, kuma ko da hannun dama ne, domin tuƙin babbar tukunya da ƙirji da kafaɗu biyu ake yin sa. Ki sa 'yarki ko ƙanwarki a kan muciya, ke kuma idan ƙarfi ya dawo ki zauna a kujera nesa da hayaƙi da zafin wuta, ki ɗanɗana miya, ki karɓi kuɗi, ki gaisa da masu saye. Masu cin abincinki hannunki suka sani a gishiri da yaji, wannan kuma ba ya bukatar ɗaga kafaɗa. Fitowar ma za ta yi miki maganin zaman shiru, wanda ke sa mai jinya ta yi ta sauraron ƙirjinta. Idan duk da haka kika ga damuwa ta ƙi sakin ki, ba barci, ba cin abinci, hawaye na zuwa ba dalili, ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗa masa ciwon jiki, domin hakan yana samun mutane da yawa bayan aikin zuciya kuma ana taimaka musu.

'Ya'yanki sun ga faɗuwarki a bakin murhu, shi ya sa suke tsaron ki haka, don haka kada ki yi musu faɗa. Ki ba su wannan amsa su karanta, sannan ki tafi da wanda ya fi kowa tsanantawa a cikinsu ranar da za ki koma awo, ya ji da kunnensa. Wannan awo na farko akan yi shi ne bayan kimanin mako huɗu zuwa shida, daga nan kuma sau ɗaya ko biyu a shekara, ba a kuma fashinsa don an ji sauƙi. Ba ya da zafi, wani ɗan faifai ake ɗorawa a kan fata, kwamfuta ta karanto ƙarfin batir da lafiyar wayoyi da duk abin da zuciyar ta yi tun ranar aiki. Ki tafi da littafin ƙirgenki da dukan magungunanki, domin na'urar ba ta maye gurbin maganin hawan jini ko na sukari ba. Idan za ki tambayi lokacin komawa aiki, kada ki ce aikin gida kawai, ki kwatanta masa girman tukunyar da awa nawa kike yi a tsaye, ki kuma tambaye shi batun azumi tun kafin watan ya kama.

Tun da a Akra aka yi aikin, akwai batun hanya, kusan kilomita 250 kowace tafiya. Cibiyar zuciya ta ƙasa da Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa a asibitin Korle Bu a 1989 tana can Akra, a nan Kumasi kuma akwai likitocin zuciya a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda muke kira Gee. Sai dai kowane kamfani, ko Medtronic ne ko Abbott ko Biotronik ko Boston Scientific, da irin kwamfutar da ke karanta na'urarsa, sunan kamfanin taki kuma yana rubuce a katinki. Ki tambayi waɗanda suka yi miki aikin ko za a iya duba irin taki a Kumasi, idan za a iya su ba ki takardar tura ki, idan ba za a iya ba ki karɓi lambar wayar da za a same su da ita da rana da kuma wadda za a kira da dare.